Yinin da Kaka Ta Auna Zafina da Ƙoƙo

Har yau, in na wuce inda dukawa ke jiƙa fata warin ya bugi hancina, sai in ji gabana ya faɗi. Warin salkar ruwa yake tuna mini, da wani yini na bazara da na yi kwance a gindin gawo a bakin iyakar Jibiya, ina jiran a zo a ɗauke ni.

Lokacin ban kai shekara goma ba. Turawa ba su tafi ba tukuna, ana ce wa can ƙasar Faransa, nan kuma ƙasar Ingilishi, ko da yake mu dai dangin juna ne ta kowane gefe. Gwaggona, ƙanwar babana, tana aure a wani ƙauye wajen Maraɗi. Da ta haihu, Kaka, wadda ta haifi babana, ta tafi da ni suna.

A shekarar ne sanƙarau ya shigo. Kai da ka tashi a zamanin allurar rigakafi ba za ka san yadda sunan nan yake kaɗa hanjin mutane ba. Yaro ya tashi lafiya da safe, da azahar wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, kafin gobe an kai shi makwancinsa. Don haka aka tsaurara a bakin iyaka. Wanda duk aka samu jikinsa da zafi ba ya shiga gari. Akwai rumfunan zana da aka kafa can nesa cikin fako, nan ake kai shi. Mu yara mun sha jin an kai wane, ba mu taɓa jin wane ya dawo ba.

Ranar komawa muka taso da sassafe, ina kan jaki, Kaka na biye da ƙafa, salkarmu ta ruwa na reto a gefe. Mun wuce 'yan duwan, masu tsaron iyakar Faransa, lafiya. Rana na ɗagawa kaina ya fara sarawa, idona ya yi nauyi. Na ɓoye wa Kaka, don na san abin da ke gaba.

A wajen Jibiya wani ɗan doka ne ke tare mutane yana taɓa goshinsu. Da ya ɗora hannu a nawa sai ya janye da sauri, ya goge a wandonsa. Wannan gogewar ta fi komai ba ni tsoro.

Ya ce, "Iya, yaron ga ba ya wucewa. Ku koma gindin gawon can. Malamin asibiti ya tahi Daddara, sai la'asar. Shi za ya duba shi."

Nan take mutanen da muka taho tare suka dare. Wata mata da ta ba ni ƙuli-ƙuli a hanya ta fizge ɗiyarta ta goya.

Kaka ta sauke ni. Kullum "maigidana" take kirana, cikin wasan jika da kaka, amma ranar ba ta yi wasa ba. Ta ce, "Ɗan nan, sunkuya ka taɓa ƙirjinka da haɓarka." Na yi, kaina kamar zai tsage, amma na yi. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ba wuya ba ne. Rana ce ta shige ka, ga zazzaɓi." Sai dai fuskarta ba ta saki ba. Ta san zafi kaɗai ma yana iya tafiya da yaro.

Ta sa hannu ta kwashe rairayin sama mai ƙuna har ta kai ga mai sanyi, ta shimfiɗa zanenta, ta kwantar da ni. Ta rataye salkar a reshe, ta fito da ƙoƙuna biyu. Ta cika ɗaya da ruwa, ta tsoma ɗankwalinta har ya shanye, ta shimfiɗa mini a ƙirji da wuya. Ta ja carbinta zagaye guda. Sannan ta ɗauke ɗankwalin ta matse shi cikin ɗaya ƙoƙon, ta kai ruwan ga leɓenta, ta kuma taɓa na cikin salka. Na ji ta ce a hankali, "Kamar an ɗora shi a murhu."

Haka ta yi ta yi, ba ta ƙara ruwan, ba ta ragewa, ba ta kuma wuce zagayen carbi guda. Sai da na girma na gane awo take yi. Kaka 'yar maƙera ce. Tana yarinya ita ke cika kwatarniyar da babanta ke tsoma jan ƙarfe a ciki, har ta kai in ta taɓa ruwan tana iya gane girman ƙarfen da aka tsoma da irin gashin da ya sha. Ta kan ce ƙarfe ba shi da ciki, yanzu ya yi ja yanzu ya huce, amma ruwa sai ya haɗiye zafin gatari guda ya ɗan yi ɗumi kawai. Abin da ya bar ƙarfen, cikin ruwan yake. Haka abin da ya bar jikina, cikin ƙoƙon yake, leɓenta kuwa zai gaya mata yawansa.

Da rana ta take tsaka, ruwan matsar bai daina fitowa da zafi ba, salkar kuma ta fara lotsewa. Rijiya tana cikin gari, ba a barinmu shiga. Kaka ta yi kira ko wani zai ɗebo mana, ba wanda ya matso. A lokacin ne na ga wasu mutum biyu sun rufe hancinsu da rawani, ɗauke da wani saurayi a kan gadon kara, sun nufi rumfunan nan. Hannunsa ɗaya na lilo. Na fashe da kuka, na riƙe ƙafar Kaka, na ce kada ta bari a kai ni.

Ta ce, "Rufe idonka. Ba inda za ka."

Sai ta canza dabara. Ta daina jiƙa ɗankwalin sharkaf. Ta riƙa yayyafa mini ruwa kaɗan-kaɗan a fata, ta ɗauki faifai tana fifita har ya bushe, ta sake yayyafawa. Ga ranar bazara, amma ni ina makyarkyata, haƙorana na haɗuwa. Daga baya ta gaya mini ruwan da ya bushe ya bi iska ya fi wanda aka matse kwasar zafi nesa ba kusa ba. Shi ya sa salka mai fitar da gumi ruwanta ke sanyi ko da rana. Hannu ɗaya ya gaji ta koma ɗaya. Ina jin numfashinta yana fita da ƙyar.

Da inuwar gawon ta fara karkata gabas, ta sake awonta da ɗan ruwan da ya rage. Ta kai leɓe, ta tsaya. Ta sake jiƙawa, ta ja carbi, ta matse, ta taɓa. Sannan ta ce, "Ya fara sauka." Ba a daɗe ba gumi ya keto mini.

Malamin asibiti ya iso a kan keke bayan la'asar, ya ɗaure ƙyalle a hanci. Ya lanƙwasa wuyana gaba da baya, ya sa mini wani tsinken gilashi ƙarƙashin harshe, ya zare ya ɗaga shi ga haske. Ban taɓa ganin kallo mai tsawon wannan ba. Can ya ce, "Akwai zazzaɓi, amma ba shi ba ne. Iya, kin yi ƙoƙari. Ku tahi gida." Ya ba ni ƙwaya mai ɗaci.

Kaka ta yunƙura za ta tashi, sai ta zube. Ashe tun safe ko kurɓi ba ta yi ba, duk ruwan a kaina ya ƙare. Ɗan dokan nan ne ya rugo da gorarsa ya ɗaga kanta ya ba ta. Ita aka ɗora a jakin, ni kuma wani maƙwabcinmu da ya zo wucewa ya saɓa ni a kafaɗa. Ta jima a kwance bayan nan, hannunta na dama kuma bai ƙara ɗaguwa sosai ba har ta rasu.

Yanzu wurin duk manyan motoci ne da shaguna, yara na yawo da ƙanƙara a roba, ma'aunin zafi kuwa kowane kemis akwai. Kwanan baya jikana da ke sakandare yake gaya mini yadda suke jefa ƙarfe mai zafi cikin gwangwanin ruwa su auna, su yi lissafin zafin da ya ƙaura. Na ba shi labarin nan. Na zaci kan awon zai yi tambaya, sai ya ce, "Kaka, saurayin da aka wuce da shi fa?"

Na ce ban sani ba, kuma ban taɓa samun wanda ya sani ba. Mai yiwuwa sanƙarau ne. Mai yiwuwa kuma shi ma rana ce kawai ta shige shi, bai dai sami mai yi masa fifita ba.