Aletta Vermaak, Mai Ɗura Harsasan Farauta ta Musina

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya Aletta Vermaak a shekarar 1941 a garin Musina da ke arewacin Afirka ta Kudu. Mahaifinta, Gideon Swanepoel, maƙerin bindigogi ne, mahaifiyarta Hester kuwa malamar makaranta ce. Ta kammala sakandare a 1959, sannan ta zauna a shagon mahaifinta, inda ta koyi ɗura albarushi a kwanson harsashi.

Sana'a da Aure

A 1964 ta auri Dawie Vermaak, maharbin da manoma ke gayyata idan dabbar daji ta addabe su. Bayan rasuwar mahaifinta a 1970, ita ta gaji shagon. Ta shahara wajen kwatanta kwanson harsasai matsakaita, musamman samfurin 9.3 da na 375, inda takan cika kowane kwanso da ruwa ta auna, domin sanin adadin albarushin da cikinsa zai ɗauka.

Shekarar Ɓauna

A tsakiyar zafin 1983, wata ɓauna mai rauni ta hallaka makiyayi a bakin kogin Limpopo, aka kira Dawie. Bayan tafiyarsa Aletta ta tarar babu akwatin harsasan 375 da ta ɗura don gwaji kawai, a wasu sababbin kwansuna masu kauri. Ta gane Dawie ne ya tafi da shi. Cikinsu ya fi na tsofaffin ƙunci, a irin wannan zafi kuwa kwanson kan kumbura ya maƙale bayan harbin farko, maharbi ya rasa na biyu. Nan take ta hau motar shagon ta bi shi, tana addu'a har ta isa.

Ta same shi zaune a inuwa yana shan gahawa, ɓaunar na kwance a gefe.

"Ke tsohuwa, lafiya? Daji da silifas?" in ji shi.

"Da wace bindiga ka harba?"

"Da ƙaramar mana, 9.3. Babbar, 375, nauyi gare ta, tana can cikin mota. Sai da na ƙara wa ɓaunar na biyu ma kafin ta faɗi."

Aletta ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce, "Ban taɓa gode wa Allah saboda lalacinka ba sai yau."

Ƙarshen Rayuwa

Ta ci gaba da sana'arta har 2009, lokacin da ganinta ya raunana, ta miƙa shagon ga 'yarta Marelize. Ta rasu ranar 6 ga Yuni, 2018, bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne ta a maƙabartar cocinsu ta Musina. Ta bar 'ya'ya uku, Gideon da Marelize da Wynand, da jikoki bakwai, da kuma mijinta Dawie, wanda ya rayu har ya raka ta kabari da ƙafarsa.