Rigar Ruwan Yaya

Mun bar gida a Banifandou, a Niamey, tun ladanin unguwa bai gama kiran asuba ba, ni da Mama. Baba ya raka mu filin jirgi a taksin maƙwabcinmu, ya yi mana gajeriyar addu'a, ya juya saboda yana da aji ƙarfe takwas. Ni aka zaɓa in raka Mama domin ba ta jin Faransanci sosai. Ni ina ji, ko da yake a lise, makarantarmu ta sakandare, malamai kan manta ina cikin aji.

Tsibirin Sal za mu, a ƙasar Cap-Vert, inda Yayana ya rasu wata takwas da suka wuce. A kogi ya koyi iyo, wajen Saga, bayan gonakin shinkafa, kuma a can ya koya mini. Daga nan ruwa ya yi ta jansa har ya kai shi teku. Aikinsa shi ne nutsewa da masu yawon buɗe ido ya nuna musu kifin shak, wanda littafinmu na makaranta ke kira rekan. Ta waya aka gaya mana cewa saurin fitowa daga ruwa ne ya kashe shi, kuma an binne shi a can. Mama ba ta yarda ba. Ta ce kifin ne ya cinye mata ɗa, yashi aka zuba a akwati don a rarrashe ta. Tun ranar ba ta yi kuka ba, ba ta zuwa majami'a, ba ta sake taka keken ɗinkinta ba. Baba ya ce a kai ta ta gani, ko za ta dawo mana.

A jirgi an ba mu burodi mai sanyi kamar daga tulu aka ciro shi. Mama ta juya shi, ta mayar, ta buɗe kilishinta. Mun yini a Dakar muna jiran wani jirgin. Da muka hango Sal daga sama sai na ɗauka wani yanki na hanyar Filingué aka yanko aka ajiye a tsakiyar ruwa: jar ƙasa, duwatsu, itace ɗaya nan ɗaya can. A ƙasa kuwa iska ba ta hutawa, sau uku tana cire mini ɗankwali. Abincin mutanen wurin masara da wake ne da ɗan nama, ba laifi, amma sai da yajin Mama ya zama abinci. Gorar ruwa ɗaya ta fi kwanon dambu uku na ƙofar lise tsada.

Wadda ta tarbe mu ita ce shugabar wurin da Yaya ya yi aiki, 'yar Senegal, tsarar Mama, mai gajeren gashi da fatar da gishiri ya ci. Ta kai mu maƙabarta washegari. Abokan aikinsa sun kewaye kabarin da bawon katantanwar teku, sun kafa farin gicciye. Na lura ɗaya daga bawon ya kife, na durƙusa na gyara shi. Mama ta tsaya ta harɗe hannu.

"Auta, gaya mata kabari kowa na iya ginawa."

Na sunkuyar da kai na ce wa matar, "Mama na godiya." Ta kalle ni, ta kalli Mama, na san ta gane ba abin da aka faɗa ba ke nan.

A shagonsu ta yi mana bayani da kwalbar lemo. Ta girgiza ta, ta buɗe a hankali, iska ta fita ba kumfa. Ta girgiza wata ta buɗe gaba ɗaya, lemo ya wanke tebur. Ta ce haka jinin mutum yake in ya daɗe a ƙasan ruwa. Shi ya sa ba a fitowa da sauri, kuma in an kusa sama sai a riƙe igiya a tsaya minti uku. Ranar da abin ya faru, wani baƙo ya ga babban kifi ya firgita, ya yi sama da gudu. Yaya ya bi shi ya kama ƙafarsa don ya rage masa sauri. Baƙon ya rayu. Yaya kuwa nutsonsa na biyu ke nan a ranar, kafin la'asar ƙafafunsa sun daina ji.

Na fassara duka, ban rage komai ba. Mama ta ce, "Labari ne."

Sai na ji bakina ya ce zan shiga in ga kifin da idona. Ni kaina na yi mamaki.

Mama ta ce, "Na ba ruwa ɗa ɗaya, so kike in ƙara masa?"

"Mama, in ban gani ba, me zan gaya wa Baba?"

Ta ce, "Ke ba kya ƙari a magana. Je ki. Amma ina cikin kwale-kwalen da zai kai ki."

Abokan aikin Yaya sun fara koya mini a ruwa iya ƙirji. Aka ɗaura mini tukunyar iska a baya, da ɗamarar dalma, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Mama ta ce na yi kama da kwaɗon da aka aika sayen gas. Rabon da ta yi wasa har na manta.

Matar ta riƙe hannuna muka sauka, ba da nisa ba. A ƙasa babu sauti sai numfashina. A nan na gane abin da Yaya ya so, domin wuri ne da ba wanda zai ce maka don me ba ka magana. Ƙarƙashin wani dutse kifin yana kwance, launinsa ruwan ƙasa, ya fi ni tsawo. Idonsa ƙarami ne kamar wake. Yana da tsohon tabo kusa da wutsiya. Ya motsa, ya wuce ta gabanmu kamar saniyar da ta saba da mutane, ko kallonmu bai yi ba. Da za mu fito, matar ta ɗora hannuna a kan igiya ta ɗaga yatsu uku. Ina ganin ƙasan kwale-kwalen a samana, da inuwar Mama ta leƙo. Minti uku ne, Yaya bai same su ba. Na yi kuka a cikin gilashin fuskata.

Na gaya wa Mama duk abin da na gani, har tabon. Ta ce, "Ba shi kaɗai ne a tekun ba."

Da muka koma shago, matar ta ciro wata baƙar rigar roba daga rataye ta ce ita ce a jikinsa ranar. Mama ta karɓa yadda take karɓar kayan gyara. Ta zauna, ta shimfiɗa ta a cinya, ta juya cikinta waje. Ta bi kowane ɗinki da babban yatsa, daga wuya zuwa hamata, daga hamata zuwa ƙafa. Ta ɗaga ta saitin taga tana neman huda. Babu yaga, babu faci, babu sabon zare. A gwiwar hagu kaɗai ta tsaya, inda aka yi wani tsohon ɗinkin hannu da jan zare, karkatacce, da ƙulli biyu a ƙarshe.

"Wannan hannunsa ne," in ji ta. "Kullum ina ce masa ƙulli ɗaya ya isa."

Ta kifa fuskarta a kan rigar. Ba a nemi in fassara komai ba. Da yamma ita da kanta ta ce mu koma maƙabarta, ta durƙusa ta kira sunansa, ta yi masa faɗa kan jan zare a baƙar riga.

Mun dawo Niamey da rana tsaka, zafi ya tarbe mu tun daga matakalar jirgi. Na je ganin kifin da nake tsoro, na tarar ba ruwansa da mu. Na kuma koyi cewa wanda ya daɗe a ƙasa ba a fizgo shi sama, sai a riƙe igiya tare da shi a jira. Rigar tana rataye a ɗakin ɗinki, har yanzu tana warin gishiri. Jiya ina shirin tafiya lise na ji ƙarar keken ɗinkin Mama. Ya yi kaɗan ya tsaya, sannan ya ci gaba.