Yarinyar Nan ta Khaddamari

Ba'ana wankin hula yake yi a unguwar Hausari, a wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa. Nan yake aiki, nan yake kwana. Matarsa ta rasu tun ina firamare, danginsa kuma rikicin shekarun baya ya watsa su. Gidanmu na bayan shagon. Da na gama jami'a na zauna jiran bautar ƙasa, sai bencinsa ya zama wurin zamana, don a gida duk wanda ya gan ni sai ya tambaya ko sunana ya fito.

Shi Ba'ana tsokana kawai yake yi, ya fara da gaisuwarsu ta Kanuri. "Wushe, Malam Digiri. Yau ma gwamnati ba ta farka ba?"

Yakan jiƙa hula, ya goge ta da burushi, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan icen da aka sassaƙa daidai kan mutum, ya jera a rana. In ka wuce da hantsi sai ka ga kamar mutane ne suka yi sahu. Na sha tarar da shi yana yi musu magana a hankali in ba kowa.

Da bayansa ya fara ciwo ba wanda ya damu. Duk mai wankin hula a sunkuye yake wuni, kuma maganin da suka sani shi ne ƙaho. Wanzami ya zo ya yi masa, ya sake dawowa ya yi, har bayan ya cika da tsaga. Fidelis mai kemis na kusa da shi ne kaɗai ya yi gardama.

"Baba, wannan ba na sunkuyo ba ne. Jikinka zafi kamar dutsen guga. Ka je asibiti."

"Kai dai miƙo ƙwayar, Fidelis. Ka taɓa jin an ba mutum gado saboda baya?"

Wata Juma'a na fito ban ga hula ko ɗaya a rana ba. Na tura ƙofa na same shi a tabarma, ya naɗe ƙafar dama zuwa ƙirji, ta ƙi miƙewa, gumi ya jiƙa rigarsa. Ni da Fidelis muka cicciɓe shi muka sa a keke mai ƙafa uku, sai asibiti.

Bayan an yi masa hoto, likita ya ja ni gefe. Ya ce akwai wani tantani da ya lulluɓe kayan ciki, a bayansa kuma akwai wani fili kusa da ƙashin baya, inda ƙoda take. Gyambon cikin da Ba'ana ya daɗe da shi ne ya ɓule ta baya, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Shi ya sa ciwon ya fito a baya, cikin kuwa in an taɓa ba a jin wani abu sosai.

"Sai an yi masa aiki, kuma ya zo a makare," in ji shi. "Wa ke gare shi? A nemo su yau."

Na koma na durƙusa a bakin gadon. "Baba, wa zan kira?"

"Babu."

Ya kalli silin. Sannan ya ce, "Sai dai yarinyar nan ta Khaddamari."

Ranar na fara jin yana da 'ya.

"Yaya sunanta, Baba?"

Ya kawar da kai. 'Yar fari ce. Mutanen zamaninsa ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa zama da shi, ba sa nuna sun damu da shi. Kakarta ce ta raine ta. Sunan mijin ma ya ƙi faɗa, don suruki ne. Na yi ta roƙonsa.

"Mikail, kada ka sa ni rashin kunya da tsufana. Mijin nata albasa yake nomawa."

Da wannan kaɗai na shiga mota. A kasuwar garin Khaddamari na yi ta bin rumfuna ina tambayar 'yar Ba'ana mai wankin hula. Wani mai shayi ya yi dariya ya ce, "Samari, Ba'ana nawa ne a Borno?" Duk ƙarar da wayata ta yi sai in zaci Fidelis ne zai ce an gama. La'asar ta yi kafin wata tsohuwa mai gyaɗa ta dube ni ta ce, "Ko Fanna kake nufi? Wadda duk sallah ake aiko wa mijinta hula daga birni, ba a faɗin wanda ya aiko?"

Ita ce. Tsohuwar ta nuna mini gidan, na je na faɗa wa Fanna halin da mahaifinta yake ciki. Ba ta tambaye ni komai ba, ta goya jaririnta ta yafa mayafi.

Da muka isa, ana shirin tura shi ɗakin tiyata. Fanna ta zo bakin ƙofar ɗakin maza ta tsaya, ta durƙusa a nan. Na ce ta shigo, ta girgiza kai. Ta gaishe shi da Kanuri, murya ƙasa-ƙasa. Ba'ana ya juya fuskarsa bango. Na ga yatsunsa sun damƙe zanin gado.

"An zo?" ya tambaye ni.

"An zo, Baba."

"Da goyo na ji?"

"Da goyo. Namiji ne."

Sai ya ce, "Ka ce mata ta nemi abinci ta ci. Hanya da nisa."

Na je na faɗa mata, duk da ta ji da kunnenta. Da aka turo gadon ta gabanta sai ta matsa jikin bango ta sunkuyar da kai, shi kuma ya rufe ido.

Bai farfaɗo daga aikin ba. Allah ya ji ƙansa. Har yanzu barci ba ya zama a idona sosai, in na ji wani ya ce bayansa na ciwo sai in tsare shi da tambayoyi har ya gaji da ni. Bayan sadakar uku Fanna ta zo Hausari ta ce in nuna mata shagon. Na buɗe mata. Ta shiga ita kaɗai, ta zauna a tabarmarsa, ta jawo ƙofar.