Sunan da Na Ƙara a Takardar Baba

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina aji huɗu a makarantar 'yan mata ta Minna. Ni yarinya ce mai kunya, ba na iya ɗaga ido in dubi baƙo, amma ba abin da ke wuce ni. Ni kaɗai na iya rubutun boko a gidanmu.

Babana yana koya wa mutane tuƙin babbar mota a wani fili kusa da tashar jirgin ƙasa. A shekarar hukuma ta sa doka cewa ba mai koyar da tuƙi sai da takardar izini, kuma malami ne zai miƙa sunayen waɗanda suka isa gwaji, ya dangwala yatsa. Direbobi suka yi ta guna-guni, amma Baba ya ce dokar ta yi masa daidai. Shi ke faɗin sunayen, ni ina rubutawa.

Yayana yana cikin masu koyo, kuma an yi masa alkawarin motar da ke zuwa Kagara idan ya sami lasin. Hannunsa ya faɗa, sai dai ba ya duba madubi in zai ja da baya, sai ya dogara da kunnensa. Na lura da haka tun kafin Baba ya faɗa. Da Baba ya ƙi sa sunansa, Yaya ya biyo ni bakin rijiya yana lallashina in ƙara sunan, yana kirana malamar gida, wai layi ɗaya ne kawai, tsoho ai ba ya karatu. Na rubuta. Baba ya dangwala yatsa bai ko duba ba.

Ranar gwaji na laɓe bayan bishiyar mangwaro. Aka jera gangunan mai, jami'in gwaji ya fara kiran suna. Da ya kira Yaya, na ga Baba ya cire hularsa ya sake sawa. Da Baba ya yi shiru, da wataƙila Yaya ya haye. Amma ya tako ya ce wannan bai isa ba tukuna, ko da yake ɗansa ne. Jami'in ya tambayi wanda ya sa sunan. Baba ya ce yatsan da ke kan takardar nasa ne. Aka riƙe izininsa wata uku, motar Kagara kuma ta tafi hannun wani.

Na jira duka, bai zo ba. Washegari Baba ya kai mu filin, ya ajiye ganga ɗaya, ya ce Yaya ya ja da baya yadda ya saba. Gangar ta lotse a ƙarƙashin taya. Baba ya juyo gare ni, ya kira ni Uwata kamar kullum, ya ce duk gangar da ke filin nan, ni yake gani tsaye a wurinta.

Da aka mayar masa da izinin, ni ya sake miƙa wa alƙalami, kuma har yau ba ya sa wani ya duba abin da na rubuta. Wannan ya fi mini duka zafi. 'Yan'uwana 'yan makaranta da kuke rubuta wa iyaye takarda, na roƙe ku kada ku ƙara ko harafi ɗaya, ko don wanda kuke so ne. Yanzu kafin Baba ya dangwala yatsa, sai na karanta masa kowane suna da ƙarfi.