Neman Ɗakin da Zai Ɗauke Mu Mu Huɗu

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da ƙanen marigayiya matata, bayan mun idar da salla a masallacin unguwa. Na bar yara suna barci a hannun maƙwabciyarmu. Ku da kuka yi ta tambayata yadda tafiyar ta kasance, ga shi na rubuta sau ɗaya, domin faɗinsa da baki yana yi mini nauyi.

Ga abin da ya fitar da ni. Matata ta rasu kafin faɗuwar damina, ta bar mini yara uku: 'yar farinmu, wadda ba na kiran sunanta, sai Bello, sai Luba da ba a daɗe da yaye ta ba. Ni tela ne. Shekarun baya kayan 'yan makaranta nake ɗinkawa, har kekuna biyu gare ni. Da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, aikin ya tsaya, na sayar da keke ɗaya, hayar ɗan gidan da muke ciki kuma ta fi ƙarfina. Bayan sadakar arba'in dangi suka zauna suka yanke a raba yaran: babbar ta tafi wurin yayar uwarta, Bello wurin wana, Luba wurin kakarta. Ba da mugunta suka yanke ba, haka aka saba. Amma marigayiya abu ɗaya ta roƙe ni a kwanakinta na ƙarshe, kada in bari a raba su. Sai na nemi a ba ni lokaci in duba ƙaramin gari, inda ɗaki ke da araha, ba a sayen ruwa, yaro kuma zai fita wasa ba fargabar mota. Suka ce to, amma ƙanenta ya raka ni, tunda fataucin albasa yake yi, ya san Boɗinga da Shagari.

A tasha muka shiga ƙaramar bas. Direba ya ƙara kuɗin mota, ya ce taya ta yi wuyar samu, wadda ke ƙafar baya ma faci ne a kan faci. Ƙanen matata ya nuna ni ya ce, "To ga tela nan, in ta hwashe shi ɗinke maka." Mota ta ɗauki dariya. Akwai wasa tsakanina da shi tun ranar da na auri yayarsa, amma tun rasuwar bai sake tsokanata ba sai ranar.

Hanyar kwalta ce, ba ta da laifi, gonakin gefenta ne ba daɗin kallo. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa, ganyensa ya nannaɗe saboda rashin ruwa. Kowane ƙauye muka wuce, tutocin jam'iyyu ne a kan itatuwa da sandunan kara. Wani dattijo a kujerar baya ya ce da tuta na jawo hadari, da bana ambaliya ta cinye mu. Wannan karon ba a yi dariya sosai ba.

Da hantsi muka sauka Boɗinga. Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan ya ƙanƙance har abokin tafiyata ya tambayi mai tuyar ko da wuri ta yaye shi. Ta ce ya je ya tambayi mai man gyaɗa.

Garin ya kwanta mini a rai. Tiyar gero ta fi ta birni sauƙi, ko da yake shinkafa da sabulu a can ma sai an rantse ake fito da su daga ƙarƙashin tebur. A rumfar teloli na ji ƙarar keke, ba kullum ba, amma ana jin ta. Ga Sakkwato kusa, in zare ya ƙare ko wani yaro ya kwanta ciwo. Wani dillalin albasa, sanin ƙanen matata, ya kai mu wurin wani dattijo mai babban gida a bayan kasuwa. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura. Ya ce akwai ɗakuna biyu a ciki waɗanda ɗansa ya bari. Ta ƙofar zaure na hango rijiya a tsakar gida, da inuwar dogon yaro, da yara sa'annin Bello suna kora ɗan akuya. Makarantar allo a ƙofar gida take, firamare kuma ana hango rufinta. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin wanda nake biya ba. A raina har na zaɓi inda zan ajiye keke.

Sai ya ce, "Malam tela, ɗaki naka na. Sai dai uwargida ta taho ta gani, su gaisa da matan gida, don su za su zamna tare, ba mu ba."

Na ce, "Baba, Allah ya yi mata rasuwa."

Ya yi salati, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, muka shafa. Ya tambayi ciwonta, ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya jujjuya ludayi a ƙwarya.

"Ɗana," in ji shi, "gidanga gidan kulle na. Matan ɗiyana na ciki. Namiji marar mata ba shi kwana cikin gida, ko ɗan cikina na, sai zaure ko shago. Ba don kai ba, wallahi. Ko ni na yarda, gari ba shi yarda."

Na san wannan al'ada tun ina yaro. Ban dai taɓa tsayawa a wannan gefen nata ba. Duk shirin da na yi a hanya, na lissafa ruwa da hatsi da makaranta, ban lissafa cewa matata ce ke buɗe mini ƙofofin gidaje ba.

Ya nuna mini shagon da zai iya ba ni. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofa a bakin hanya, ba makewayi, ba wurin girki, a gefensa samari na karta a kan benci. Rijiyar tana ciki, inda ba zan taka ba. Na tuna 'yata da ta fara tasawa, na yi masa godiya. Da ya rako mu, ya riƙe hannuna ya ce ga zawarawa nan a gari, masu hankali, in ina so ya yi magana. Na ce na ji, Baba. Ban gaya masa cewa zanen marigayiya na nan rataye inda ta bar shi ba, kuma ko da zuciya ta yarda, aljihu ba zai yarda ba.

Mun gwada wasu gidajen. Amsar ɗaya ce, sai dai tsawon addu'ar ya bambanta. A na ƙarshe labari ya riga mu isa. Tun kafin mu yi sallama mai gidan ya ce, "Kai na gwabron ga mai ɗiya ukku?" Ba da raini ya faɗa ba. Amma ranar na fara jin an kira ni gwauro.

Bayan azahar muka hau a-kori-kura zuwa Shagari, a kan buhuna, tare da awaki biyu da wani mutum mai zuwa Horo Birni wanda ya ce ya sake shuka har iri ya ƙare masa. Shagari ta fi Boɗinga shiru. Kasuwa ba ranarta ba ce, rumfuna a share. Muka ci hoce, wato gurasar dawa, da ɗan ƙuli a wurin wata tsohuwa mai zama a gindin tsamiya. Ƙanen matata ya ce hocen nan in aka jefi ɓarawo da shi sai an biya diyya. Ta ce, "Haƙoranka na ba su da tarbiyya."

Ita ce ta tambayi abin da ya kawo mu. Wannan karon da rasuwar na fara, don kada a sake yi mini alkawari a janye. Ta dube ni ta ce gidanta ba kulle, ita kaɗai ce a ciki, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza kuma sun tafi kudu neman abinci tun da suka ga yadda damina ta kama. Ta rufe faifanta ta kai mu. Katangar baya ta zube, amma ɗakin yana da rufi mai kyau. Ta ce ba ta son ko kwabo, motsin yara take so a gidan. Ta ce ta iya kitso, kuma Luba a bayanta za ta kwana.

Na bar su nan na fita neman teloli. Na same su a wata rumfa, kekunansu lulluɓe da tsumma. Babbansu ya ce tun bayan salla ba wanda ya kawo sabon yadi, sai faci, shi ma a biya ka da kaka, in an yi kakar. Da ya ji ni tela ne daga birni, sai fuskarsa ta washe, ya yaye tsumman ya tambaye ni ko zan sayi kekensa.

Na koma gidan tsohuwa da wani tunani. Na ce wa ƙanen matata, to ko in bar yaran nan wurinta su uku, ni in zauna birni in kwana a shagon wani, in riƙa aiko da abin da ya samu? Aƙalla suna tare. Sai na ga fuskar da ban san shi da ita ba.

"Muna raye?" ya ce. "Ɗiyan yayata ga hannun bare, muna raye? Mi za mu ce ma mutane? Mi zan ce ma Inna?"

Tsohuwar ma ba ta goyi bayana ba. Ta buɗe rumbunta ta nuna mini, damman da suka rage ba za su kai ta kaka ba ko ita kaɗai. Ta ce, "Ɗana, in kana nan, mu ci abin da ka samo. In ba ka nan, yunwa zan raina maka su da ita. Kuma yaron nan gaskiya garai, ba a tsallake dangi." Ta ƙulle hoce uku a ganye ta ce in kai wa jikokinta.

A hanyar dawowa hadari ya haɗu ta gabas, kowa a motar ya ɗaga kai, sai iska ta kwashe shi. Muka wuce Boɗinga. Can ƙanen matata ya ce, ba tare da ya dube ni ba, gidajen dangin uku duk cikin Sakkwato suke, duk Juma'a shi da kansa zai riƙa tattaro yaran ya kawo mini. Na ce Allah ya saka.

Mun iso gab da magariba. Na tarar babbar ta yi wa ƙannenta wanka ta shafa musu mai. Ta karɓi ƙullin hocen, ta dubi fuskata. Bello ne ya ce, "Baba, garin namu akwai rafi?" Na ce ba a sami garin ba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Garuruwan nan biyu masu kyau ne ga mai iyali, mutanensu kuma ba wanda ya bar mu muka tashi ba ruwa ba addu'a. Wanda zai koma can, ya tafi da matarsa da sana'ar da ba ta jiran damina. Ni ba ni da ko ɗaya, kuma ba gari ne zai ba ni su ba.

Washegari na aika wa dangi cewa na amince. Na sauko da zanen marigayiya da sauran atamfarta da ba ta ɗinka ba, na auna yaran, na yanka musu kaya iri ɗaya su uku. A kowace riga na ƙara tsawo, na ninke shi a lafi yadda za a iya warwarewa, domin ban san ranar da zan sake auna su ba. Da babbar ta gwada tata, ta ce, "Baba, ta yi mini yawa."

Na ce, "Za ki girma a ciki."

Ta cire ta, ta ninke, ta ajiye ta dabam da ta Bello, dabam da ta Luba.