Lemun da Maigidana Ya Ƙi Sha

Ko mene ne zan manta a duniya, ban da ranar da na tsaya a kan maigidana da ƙwaryar lemu a hannu, shi kuwa ya juya fuskarsa bango kamar na shigo masa da likkafani.

Shekarar babban fari ce, zamanin soja, muna zaune a Tawa. Maigidana shi ke karɓar tikiti a ƙofar silima. Da yake ya ɗan taɓa lakwal, wato karatun boko, yana jin Faransanci, shi ke warware wa abokansa labarin fim da safe a majalisa. Abin sonsa finafinan ɓarayin Turawa, masu kwat da bindiga a aljihu. Shi ya fara lura cewa in dai aka nuno lemu, a kan tebur ko a hannun wani, to ba a jimawa sai an ɗauki gawa. Ya yi ta faɗa har ta bi gari. Da ƴan kallo sun hango lemu sai su ɗau salati tun ba a yi harbi ba. Ni dariya kawai nake masa, ashe abin ya shige shi har ɓargo.

Wannan shekara ba ganye, ba tumatir, lambunan bakin gari sun bushe ƙurmus. Jar dawar taimako muke ci safe da yamma. Sai dasashinsa ya fara kumbura yana jini, haƙora na girgiɗi, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Na kai shi likita a amalanke. Majo, wato babban mai duba marasa lafiya a wurin, ya leƙa bakinsa, ya janyo ni gefe ya ce ƙwayar maganin wannan ciwo ta ƙare musu, amma in na samu lemu in ba shi kullum zai tashi. In ban samu ba kuwa, sai dai addu'a.

Lemu a Tawa, cikin wannan fari, ga iyakar ƙasa a rufe! Na zaga kasuwa har takalmina ya tsinke. Daga ƙarshe aka ce wata babbar mota ta shigo tasha daga kudu da ƴan buhuna. Da na je, direban ya ce duk na gidajen manya ne, in yi haƙuri. Ban yi ba. Na zauna a gindin tayarsa cikin rana, na ce in zai tashi sai dai ya bi ta kaina. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce bai taɓa ganin mace mai taurin kai irina ba. Da la'asar ya karɓi tasar aurena, ya cika mini ƙwarya.

Na shigo gida ina murna. Maigidana ya ɗago kai ya ga abin da ke cikin ƙwaryar, sai jikinsa ya yi sanyi.

“Ashe majo ya gaya miki ba ni tashi,” in ji shi.

Daga nan ya juya ya fara wasiyya. In kai yara wurin wansa a Affala, rediyonsa a bai wa wane. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa wannan magani ne, ya ce shi ya san abin da ya gani. Na ce ya ji tsoron Allah, Musulmi da camfi, sai ya ƙara matsawa bango.

Na ajiye ƙwaryar na zauna bakin tabarma. Da zuciyata ta ɗan sauka, sai na tambaye shi wai a fim ɗin nan wa ke ajiye lemun a wurin. Kun san mai son abinsa, ko yana kwance sai ya yi bayani. Ya ce mai shirya fim ne, don ya riga ya yanke wa mutumin mutuwa, yana so masu hankali su gane.

“To Malam,” na ce, “can wanda ke son mutumin ya mutu shi ya ajiye. Wannan ni na ajiye shi, kuma ni ban shirya takaba ba.”

Na fere ɗaya na matse a moɗa, na ce ba tuwo ba kwana a gidan nan sai ya shanye. Can ya juyo a hankali ya karɓa. Yana sha yana hawaye don zafin da yake masa a dasashi, ni kuwa na riƙe gindin moɗar har sai da na ga ƙasanta. Haka muka yi kullum har ƙwaryar ta ƙare. Jinin ya tsaya, kafin damina ya koma ƙofar silimarsa da ƙafarsa.

Bai daina faɗar maganar lemu a majalisa ba, sai dai ya ƙara mata jela, wai a fara duba hannun da ya kawo shi. Ni kuma abin da na koya shi ne, in tsoro ya kama naka, faɗa da wa'azi ba sa fito da shi. Sai ka shiga inda ya ɓuya ka kamo hannunsa. Takabar dai na yi ta, amma sai da ya ga jikokinsa.