Ranar da Inna Ta Kira Sunan Ɗan Fari

Inna Baraka, mahaifiyarmu, ta shekara arba'in tana sayar da fura da nono a kasuwar Bakura. Mace ce mai kaifin baki, ko mahauta shakkarta suke. Mutum ɗaya ne bakinta ke mutuwa a gabansa: Yaya Jafaru, ɗanta na fari.

Kunyar ɗan fari ai kowa na yi, amma ta Inna ta wuce misali. Ana yaye shi aka kai shi wurin kaka a Kaya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". In ya shigo gaisuwa, ta juya kai ta amsa wa bango. Ya taɓa tambayata, yana da furfura fa, "Hafiza, anya Inna na ƙaunata?" Na ce ya bar wannan shirme. Amma wallahi ni ma ban sani ba.

Sai mantuwa ta zo. Ta zuba gishiri a fura. Ta fita neman shanun da aka sayar tun muna yara. Maƙwabta suka ce iska ce, likita a Talata Mafara ya ce ciwon tsufa ne na ƙwaƙwalwa, sai dai lallashi. Ni lallashi ba halina ba ne. Ranar da ta ce na sace mata ƙwarya, na yi mata tsawa, na koma ɗaki na yi kuka.

Yaya ne ya ɗauke ta zuwa gidansa, kusa da gonar albasarsa ta Bakolori. Ba ta gane shi ba sam. Ta ɗauka baƙo ne mai kirki, shi ya sa take kallonsa ido cikin ido.

Wata la'asar na je dubiya, na tarar yana yanke mata farce. Sai ta ce masa, "Malam, kana zuwa Kaya? Ka san Jafaru?"

Reza ta tsaya a hannunsa. Ya ce ya san shi.

"Ɗana ne," in ji ta. "Da anka kai shi, kwana bakwai ina zuwa bayan danga in saurari kukanai. Man shanun da nike aika ma tsohuwa duk ran kasuwa, ai nashi ne. Ya yi ƙiba kuwa?"

"Ya yi, Inna."

Ta yi dariya, sannan ta waiga hagu da dama, ta kama hannunsa ta rage murya. "Don Allah kada ka gaya mai na tambaya. Da kunya."

Yaya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan yatsunta. Ya ce, "Ba zan gaya masa ba."

Ya ɗauki ɗayan hannun ya ci gaba da yankewa.